Shin ana iya auna tausayin likita? Tambayar da ta fi wuyar amsawa a asibitocin Doha

Da safiyar kowace ranar aiki, ɗakunan jira na Babban Asibitin Hamad da ke birnin Doha kan cika da mutanen da ciwo kaɗai ya haɗa su. Ga ɗan ƙasar Katar cikin farar jallabiyarsa, ga direba daga jihar Kerala ta Indiya, ga birkila daga Nepal, ga ma'aikaciyar gida daga Filifin, ga malamin makaranta daga Masar ko Sudan. Wani lokaci har da Bahaushen da neman halali ya kawo shi daga Kano ko Maraɗi.

Likitan da zai duba su, shi ma sau da yawa baƙo ne. Katar na da mutane kimanin miliyan uku, amma 'yan asalin ƙasar ba su wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Saboda haka abu ne da aka saba gani a ce likita da mara lafiya sun zauna a ɗaki guda, kowa da harshen da ya tashi da shi, da addininsa, da abin da iyayensa suka koya masa game da ciwo da kunya da mutuwa.

Asibitin na iya auna hawan jinin kowannensu, da yawan sukarin da ke jikinsa, da mintocin da ya yi yana jira. Akwai kuma abin da mara lafiya ke fita da shi wanda babu na'urar da ke nuna shi: ko ya ji a ransa cewa likitan ya fahimci halin da yake ciki, ko kuwa ya rubuta masa magani ne kawai ya sallame shi. Fiye da shekara ashirin ke nan masu bincike a Birtaniya da Amurka suna ƙoƙarin mayar da wannan ji zuwa lamba. Doha na daga cikin wuraren da ma'aunin nasu ke haɗuwa da jarrabawa mafi tsanani.

Wane irin tausayi ake nufi?

Tun daga kalmar ake fara samun tangarɗa. A Hausa, tausayi ya haɗa da jin zafin abin da ya sami wani, har ma da zubar masa da hawaye. Abin da masana ke ƙoƙarin aunawa ya ɗan sha bamban. Mohammadreza Hojat, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Thomas Jefferson da ke Philadelphia a Amurka, wanda ya fi kowa shahara a wannan fage, ya ɗauke shi a matsayin aikin hankali fiye da na zuciya. A wurinsa, abu uku ne: likita ya fahimci abin da mara lafiya ke fuskanta da abin da ke damunsa, ya iya nuna masa cewa ya fahimta, sannan ya kasance da niyyar taimaka masa.

Bambancin na da amfani. Likitar da ke fashewa da kuka tare da kowace uwar da ta rasa jariri ba za ta daɗe a ɗakin haihuwa ba, kuma mai yiwuwa ta kasa yanke hukunci a lokacin da ake buƙatarsa. Amma wadda ta gane cewa matar da ke gabanta ba tiyatar take tsoro ba, tana tunanin wanda zai kula da yaranta ne idan aka kwantar da ita, ta samu abin da za ta yi aiki da shi.

Sashe na biyu, wato nunawa, shi ne ya sa dole a tambayi mara lafiya. Fahimtar da ta tsaya a cikin kan likita ba ta amfani kowa ba.

Likita ya auna kansa, ko mara lafiya ya auna shi?

A 2001 Hojat da abokan aikinsa suka wallafa ma'aunin da ake kira da sunan jami'arsu, Jefferson. Jumloli 20 ne, likita ko ɗalibin likitanci zai nuna yadda ya yarda da kowace, daga maki 1 zuwa 7, jimilla daga 20 zuwa 140. An fassara shi zuwa harsuna masu yawa, kuma da shi aka yi binciken da ya tayar da ƙura a 2009, wanda ya nuna cewa makin ɗaliban likitanci na faɗuwa a shekara ta uku, daidai lokacin da suke barin aji suna fara mu'amala da marasa lafiya. Wasu masana sun ce an zuzuta girman faɗuwar, kuma har yau ana jayayya a kai.

Raunin wannan hanya a fili yake: mutum ne ke ba kansa maki. A 2018 masu bincike a Brazil suka kwatanta makin da likitoci 51 suka ba kansu da wanda marasa lafiya 945 suka ba su. Alaƙar da ke tsakanin biyun ta yi rauni ƙwarai. Wato likita na iya ɗaukar kansa mai sauraro, alhali waɗanda ke zama a gabansa ba haka suke gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ya sa aka samar da ma'aunan da ake miƙa wa mara lafiya. Masu binciken Jefferson sun fitar da nasu a 2007, mai jumloli biyar kacal: ko likitan na iya ganin al'amura yadda mara lafiya ke ganinsu, ko yana tambayarsa yadda rayuwarsa ta yau da kullum ke tafiya, ko ya nuna damuwa da shi da iyalinsa, ko ya fahimci fargabarsa, da kuma ko a dunƙule likita ne mai fahimta.

Wanda ya fi bazuwa shi ne ma'aunin CARE, wanda Stewart Mercer, likitan iyali kuma malamin jami'a a yankin Scotland na Birtaniya, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 2004. An tsara shi ne bayan tattaunawa da marasa lafiya, ciki har da mazauna unguwannin talakawa, domin ya zama kowa na iya amsawa. Tambayoyi goma ne, ana cike su da zarar an fito daga ɗakin likita. Ana tambayar mutum yadda likitan ya yi wajen kwantar masa da hankali, da barin sa ya ba da labarinsa da bakinsa, da sauraronsa da gaske, da ɗaukarsa a matsayin cikakken mutum ba lambar kati ba, da fahimtar damuwarsa, da nuna kulawa, da ƙarfafa masa gwiwa ba tare da ɓoye gaskiya ba, da yin bayani dalla-dalla, da taimaka masa ya ɗauki ragamar kula da lafiyarsa, da kuma tsara matakin gaba tare da shi. Kowace tambaya maki 1 zuwa 5, jimilla daga 10 zuwa 50.

Takarda ɗaya ba ta isa a ce komai game da likita. Mercer ya nuna cewa ana buƙatar amsoshin marasa lafiya kusan 50 kafin a amince da matsakaicin makin likita guda. Wannan sharaɗi ne da masu gaggawar yanke hukunci kan manta da shi.

Shin makin na da alaƙa da warkewa?

Da a ce batun daɗin baki ne kawai, da ba wanda zai kashe kuɗi a kansa. Abin da ya ja hankalin hukumomin lafiya shi ne jerin binciken da suka danganta tausayi da abin da ke faruwa a jikin mutum.

A Jami'ar Wisconsin, an bibiyi mutum 350 masu mura a wani bincike da aka wallafa a 2009. Waɗanda suka ba likitansu cikakken maki 50 sun warke cikin kimanin kwana bakwai, sauran kuwa kimanin kwana takwas. Kwana guda ba wani abu ba ne, amma magungunan mura da yawa da ake saye a kemis ba sa yin ko hakan.

A kan ciwon sukari ne aka fi tara hujja. A Philadelphia, binciken 2011 kan marasa lafiya 891 ya gano cewa kashi 56 cikin 100 na waɗanda ke ganin likitoci masu maki mai yawa sun shawo kan sukarinsu, idan aka kwatanta da kashi 40 na waɗanda ke ganin masu maki kaɗan. A lardin Parma na Italiya, an duba bayanan masu ciwon sukari 20,961 da likitoci 242, aka ga cewa mutum 4 cikin dubu ne ciwon ya yi wa mummunan tashin da ya kai ga kwantarwa a hannun likitoci masu maki mai yawa, alhali a hannun masu maki kaɗan adadin ya kai 6.5. Sai dai binciken biyu sun dogara ne da makin da likita ya ba kansa, kuma da aka sake gwada irinsa a asibitin Cleveland Clinic kan mutum fiye da 4,000, sakamakon da aka wallafa a 2019 bai nuna wata alaƙa ba.

A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Cambridge suka fitar da sakamakon da ya fi ɗaukar hankali. Sun bibiyi masu ciwon sukari 628 da suka cike tambayoyin CARE shekara guda bayan an gano ciwonsu. Bayan shekara goma, haɗarin mutuwa a cikin waɗanda suka ce sun samu tausayi sosai ya yi ƙasa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda suka ba da maki mafi ƙanƙanta.

Ya kamata a karanta wannan adadi da taka-tsantsan. Binciken ya nuna cewa abubuwa biyun suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba. Yana yiwuwa mutumin da jikinsa ke da ƙwari kuma zuciyarsa ke sake shi ne ya fi saurin yabon likita tun farko. Amma hanyar da tausayi zai bi ya kai ga lafiya ba ɓoyayya ba ce. Wanda ya amince da likitansa zai faɗa masa cewa ya daina shan maganin saboda yana sa shi jiri, ko yana haɗa shi da na gargajiya, ko zai yi azumin Ramadan ko da an hana shi. Wanda bai amince ba zai ce to, ya fita, ya yi abin da ya ga dama.

Ga Katar wannan ba ƙaramin batu ba ne. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kusan kashi 17 cikin 100 na baligan 'yan ƙasar na da ciwon sukari. Ciwo ne da ake rayuwa da shi shekara da shekaru, kuma mafi yawan aikin jinyarsa a gida ake yi, a kan faranti, inda likita ba ya gani.

Abin da aka gano a ɗakunan jira na Hamad

Katar ta zuba kuɗi mai yawa a harkar lafiya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. An kafa hukumar asibitocin gwamnati, Hamad Medical Corporation, a 1979, aka buɗe Babban Asibitin Hamad a 1982. A 2001 aka ƙulla yarjejeniyar buɗe reshen kwalejin likitanci ta Weill Cornell ta Amurka a Doha, wadda ta yaye likitocinta na farko a 2008. Jami'ar Katar ta fara ɗaukar nata ɗaliban likitanci a 2015, asibitin mata da yara na Sidra kuma ya fara kwantar da marasa lafiya a 2018. Sashen karɓar ƙorafi da shawarwari na asibitocin Hamad ma sunansa Nesma'ak, wato muna sauraronka da Larabci.

Sai dai gini da na'ura ba sa fassara magana. A 2008 kwalejin Weill Cornell ta buɗe wata cibiya ta musamman domin koya wa ɗalibanta mu'amala da mutanen al'adu daban-daban, daga baya kuma ta shiga horar da tafintocin asibiti. Masu bincike daga cibiyar, da na Hamad, da na Jami'ar Michigan, sun kuma ɗauki aikin samar da takardar jin ra'ayin marasa lafiya da harsuna huɗu: Larabci, Turanci, Hindi da Urdu. Kafin su rubuta tambaya ko ɗaya, sai da suka shiga ɗakunan jira suka tattauna da mutum 84.

Abin da suka wallafa a 2017 game da harshe ya nuna cewa idan likita da mara lafiya ba sa jin yaren juna, yawanci duk wanda ke kusa ne ke zama tafinta: ɗan uwa, ko aboki, ko wani ma'aikacin asibiti da ba aikinsa ba ke nan. Wannan ya shafi ma'aunin tausayi kai tsaye. A ce mace ta zo da matsalar da ta shafi al'aurarta, kuma ɗanta ne ko mijinta ke fassarawa. Rabin abin da ke damunta ba zai fito daga bakinta ba, wanda ya fito ma za a tace shi kafin ya isa kunnen likita. Idan daga baya aka tambaye ta ko likitan ya bar ta ta ba da labarinta, wa take ba maki? Likitan, ko tafintan, ko asibitin da bai tanadi ƙwararre ba?

Tun kafin nan, a 2014, tawagar ta bayyana wahalar da ta sha wajen samun amsar kanta. Wasu ba sa son a naɗi muryarsu. Wasu, musamman mata, sun fi son su shawarci iyali kafin su amince. Sau da yawa kuma ɗan rakiya kan tsoma baki cikin hirar, ta yadda ra'ayin da aka rubuta ya zama na mutum biyu ko uku. Ma'aunan Glasgow da Philadelphia an gina su ne a kan hoton mutum guda da ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya fito shi kaɗai, ya ɗauki alƙalami ya faɗi ra'ayinsa. A Doha, kamar a Kano, ciwo na dangi ne.

Akwai fassarar CARE ta Larabci da aka gwada a Labanan, kamar yadda ake da ta Sinanci da ta Japananci. Amma Larabci kaɗai ba ya warware matsalar birnin da ɗimbin mazaunansa ke magana da Malayalam, Nepali, Bengali, Tagalog ko Sinhala. A can yammacin ƙasar ma, kusa da garin Dukhan, akwai asibitin da aka buɗe a 2012 wanda likitoci da ma'aikatan jinyarsa 'yan Kyuba ne, masu harshen Sifaniyanci. Da wuya a sami wata ƙasa ƙarama irin wannan da ta haɗa irin wannan gamin gambiza a ɗakin duba marasa lafiya.

Makin wanda ba ya iya ƙorafi

Akwai matsalar da duk masu amfani da waɗannan ma'aunai suka sani: mutane na yawan ba da maki mai yawa. A binciken mura na Wisconsin, kusan ɗaya cikin huɗu sun ba da 50 cif. Idan kowa na cin kusan cikakken maki, ma'aunin ba zai iya bambanta nagari da wanda ya fi shi ba.

A 2017 Jeremy Howick na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka tattara bincike 64 da aka yi da CARE a ƙasashe 15. Matsakaicin maki ya kama kusan 40 cikin 50. Mata ma'aikatan lafiya sun fi maza samun maki. Ostireliya da Amurka da Birtaniya sun zo a sama, Hong Kong kuma a ƙasa da kimanin 33. Kuskure ne a ɗauki wannan a ce likitocin Hong Kong sun fi na Ostireliya taurin zuciya. Mai yiwuwa ne cunkoso ya fi yawa, mai yiwuwa kuma al'adar yabo ce ta bambanta, domin akwai al'ummar da ba ta cika cewa abu ya yi kyau matuƙa ba, komai kyansa.

A Doha abin zai iya juyawa ta ɗaya ɓangaren. Ma'aikacin gini da ya zo daga ƙauye a Bangladesh, wanda bai taɓa ganin asibiti mai sanyin na'ura da magani kusan kyauta ba, zai iya ba da cikakken maki ga likitan da bai ko ɗago kai ya dube shi ba. Ya kwatanta ne da abin da ya baro a gida. Ga kuma tsoro. Katar ta yi gyara a dokokin ƙwadagonta a 2020, inda ta soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin sauya aiki, ta kuma sanya mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000. Duk da haka, mutumin da zamansa a ƙasa ya rataya a kan aikinsa, kuma ya san cewa gwajin lafiya na cikin sharuɗan samun izinin zama, ba shi ne zai yi saurin rubuta cewa likitan gwamnati bai kyauta masa ba. Idan kuma bai iya karatu ba, ma'aikacin asibitin ne zai karanta masa tambayoyin, ya tsaya yana jiran amsa.

A gefe guda kuma, mai hali wanda ya saba zuwa Landan ko Munich ganin likita zai iya rage wa ƙwararriyar likita maki saboda ta bar shi ya jira minti ashirin. Idan aka haɗa makin mutanen biyu aka raba, lambar da za ta fito ba ta faɗi gaskiyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Asibitin da ke son sanin gaskiya dole ya ware amsoshin bisa harshe da jinsi da irin aikin mutum, kuma ya fi sa ido a kan rukunin da ke yabo ba ƙaƙƙautawa.

Faranta rai daban, fahimta daban

Hukumomi na son lamba saboda ana iya ɗaura mata lada ko hukunci. A Amurka, tun 2008 ake wallafa sakamakon jin ra'ayin marasa lafiya na asibitoci a bainar jama'a, daga 2012 kuma aka fara danganta wani kaso na kuɗin da gwamnati ke biyan asibitoci da shi. A shekarar ce wani bincike kan Amurkawa kusan 52,000 ya gano cewa waɗanda suka fi nuna gamsuwa da kulawar da suke samu sun fi kashe kuɗin magani, sun fi kwanciya a asibiti, kuma haɗarin mutuwarsu ya fi na marasa gamsuwa da kimanin kashi 26 cikin 100. An yi ta muhawara kan fassarar sakamakon, amma gargaɗin ya shiga kunne. A Ingila kuma an gano cewa cibiyoyin likitocin iyali da ke taƙaita rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna samun ƙarancin makin gamsuwa.

Likitan da ya ƙi yi wa mai mura allura, ya zauna ya bayyana masa dalili, ya fi wanda ya yi masa allurar don ya rabu da shi fahimtar halinsa. Ma'aunin tausayi mai kyau na iya kama wannan bambanci, tun da yana tambaya kan bayani da sauraro, ba kan ko an biya wa mutum buƙatarsa ba. Amma da zarar aka ɗaura albashi ko sabunta kwantiragi a kan makin, musamman a ƙasar da mafi yawan likitocin baƙi ne masu zaman kwantiragi, sai kowa ya koyi yadda ake cin jarrabawar. Amfanin ma'aunin ya fi fitowa idan an miƙa wa likita sakamakonsa a asirce, ya ga cewa mutum hamsin sun yaba da bayaninsa amma sun ce ba ya barin su su gama magana.

Kuma wannan ƙorafi na katse magana tsoho ne. Wani bincike na 1984 a Amurka ya gano cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Wani da aka wallafa a 2018 ya samu daƙiƙa 11. Likitoci kan ce idan aka bar mutum zai cinye ranar. Da aka gwada a birnin Basel na Suwizalan a 2002, aka umarci likitoci su yi shiru, matsakaicin lokacin da marasa lafiya suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sun gama cikin minti biyu.

Minti biyun ma ba kowa ke da shi ba. Wani nazari na 2017 kan ƙasashe 67 ya nuna cewa ganin likita a matakin farko na ɗaukar daga daƙiƙa 48 a Bangladesh zuwa minti 22 da rabi a Suwidin, kuma a ƙasashe 18 da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya, bai wuce minti biyar ba. Tattarawar Howick ta nuna cewa makin tausayi na ƙaruwa idan zaman ya kai minti goma ko fiye. Wato wani ɓangare na makin da ake rubutawa da sunan likita, na wanda ya tsara masa jadawali ne.

Da za a kai tambayoyin Kano ko Damagaram

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Najeriya na da likitoci kimanin huɗu ga kowane mutum dubu goma, Katar kuwa ta ninka hakan sau kusan shida. Nijar ba ta ko kai Najeriya ba. Likitan da ke duban dogon layi a asibitin Murtala da ke Kano ko babban asibitin Damagaram zai iya cewa a fara ba shi abokan aiki kafin a zo auna zuciyarsa, kuma yana da hujja.

Duk da haka, darasin Doha ya shafi ƙasar Hausa ko da likita da mara lafiya harshensu ɗaya. Bahaushe idan aka ce masa ya jiki, amsarsa da sauƙi, ko da kuwa ɗauko shi aka yi. Haƙuri da kunya, waɗanda ake yabon mutumin kirki da su, su ne kuma ke hana shi cewa likita bai saurare shi ba. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba za ta zayyana wa baƙon namiji ciwon mara ba sai da kewaye-kewaye, kuma likitan da ya gane kewayen shi ne mai fahimtar da ake nema, ko da bai yi mata tambaya ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kan takarda ba.

Wasu tambayoyin ma sai sun sauya ma'ana a hanya. Ma'aunin Jefferson na tambaya ko likita ya nuna damuwa da iyalin mara lafiya da rayuwarsa ta yau da kullum. A Philadelphia wannan alama ce ta kulawa ta musamman. A Katsina kuwa, ya iyali, ya aiki, ya gajiya, gaisuwa ce da ake yi wa kowa, har wanda ba a shiri da shi, don haka likita zai iya cin makin tambayoyi biyu kafin ya zauna. Tambayar CARE kan taimaka wa mutum ya ɗauki ragamar lafiyarsa ita ma tana ɗauka cewa mara lafiya ne mai yanke shawara. A gidaje da yawa miji ne, ko uba, ko babban wa, ke cewa a yi tiyata ko kada a yi, kuma shi ke biyan kuɗin. Mai fassara zai zaɓi ko dai ya bar tambayar yadda take, mace ta amsa abin da bai shafi rayuwarta ba, ko ya ƙara wata da ke tambayar ko likitan ya yi magana da ita kanta, ba da wanda ya rako ta kaɗai ba.

Sai kuma matakan makin guda biyar, daga bai yi kyau ba zuwa ya yi kyau matuƙa. A bakin Bahaushe, ba laifi na iya zama yabo, yana kuma iya zama ƙorafin da aka lulluɓe, gwargwadon yadda aka ja muryar da yadda aka kawar da kai. Takarda ba ta ɗaukar murya, kuma ga dattijuwar da ba ta yi karatun boko ba, wani ne zai karanta mata tambayoyin. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce a fassara, wani daban ya mayar da fassarar zuwa harshen asali don a ga abin da ya ɓace, sannan a zauna da marasa lafiya a tambaye su abin da suka fahimta da kowace jumla. Tawagar Doha sai da ta yi hira da mutum 84 cikin harsuna huɗu kafin ta kai ga wannan mataki.